Fentin da Ake Yi Don Kada a Gani

Kowa na fentin abinsa don a gani a yaba, ban da mafarautan agwagwar daji na jihar Akansas a Amurka. Su burinsu kwale-kwalensu na farauta ya fito da muni.

Aikin kuwa ba na rago ba ne. Jirgin na alminiyom ne, shi kuma alminiyom ba ya shiri da fenti. Sai an kankare tsohon, an goge da sanfefa har hannu ya yi kanta, an wanke maiƙo, sannan a shafa fentin shimfiɗa mai cin jikin ƙarfe. Wanda ya tsallake wannan mataki, kafin kaka ta wuce fentinsa zai saɓule kamar zanen maciji.

Bayan wannan wahala sai a zaɓo launin taɓo da na busasshiyar ciyawa, marasa ƙyalli, domin agwagwa ta fi mutum ganin launi, kuma walƙiya kaɗan ta isa ta kore ta. Sai maigida ya ɗora ganye a jikin jirgin, ya fesa, ya ja da baya yana murmushi. Uwargida ta leƙo ta tambaya yaushe za a fara fentin.

A garin Situtgat na jihar, tun 1936 ake gasar kwaikwayon kukan agwagwa, irin wanda mafarauta ke yi don jawo ta. Wato magidanci ya ɓata jirginsa da gangan, ya shige fadama da asuba cikin sanyi, yana kuka irin na agwagwa. Mai karatu, in nama kake so, kasuwa ta fi araha.