Ire-iren Masu Goyon Kwamfuta da Halinsu Ranar da Windows Ta Manta da Su

Kwamfutar goyo ita ce kwamfutar da ba ta da gangar jiki, wadda manhaja irin su VirtualBox ko VMware take ƙagawa a cikin kwamfutar gaske, har a girka mata babbar manhajar gudanarwa kamar Windows, ta zauna a bayan uwar goyonta tana ci daga ƙarfinta. Tun shekarar 2001, da Microsoft ya fito da Windows XP, kamfanin ya shigo da tsarin tantance lasisi, inda manhajar take duba sassan na'urar da aka girka ta a kai ta riƙe kamanninsu, idan kuma wata rana ta farka ta tarar sun sauya da yawa, sai ta ɗauka an sace ta an kai wani gida, ta nemi a sake tantance ta. A lissafin XP sassa 10 ne suke jefa ƙuri'a, ana neman 7 kafin a ce gidan bai sauya ba, amma katin sadarwa shi kaɗai yana da 3, tamkar dattijon da ake ƙirga hannunsa sau uku a taron unguwa. Abin da ake gane katin da shi kuwa shi ne adireshin MAC, wato lamba mai gurabe 12 da aka jera biyu-biyu, wadda rabinta na farko yake nuna wanda ya ƙera katin. Katin kwamfutar goyo kuwa layi ɗaya ne kawai a cikin fayil, kuma a kan wannan layi ne halayen masu goyo suke bayyana.

Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne mai saurin hannu, wanda bai taɓa karanta saƙon da ya fito a allo ya kai ƙarshensa ba. Idan ya ɗauke kwamfutar goyonsa daga wata na'ura zuwa wata, VMware yakan tambaye shi ko ƙaura ya yi da ita ko kwafe ta ya yi, har ya ƙara da shawarar cewa wanda bai sani ba ya ce kwafewa ya yi. Shi kuwa, da yake rashin sani ne sana'arsa, sai ya karɓi shawarar da hannu biyu, nan take a raɗa wa na'urar sabuwar lambar shaida da sabon adireshi. Da Windows ta tashi ta dube shi kallon baƙo, yakan rantse cewa bai taɓa komai ba, kuma abin tausayin shi ne a zuciyarsa gaskiya yake faɗa.

Kishiyarsa shi ne ma'aji, mutum mai tsantseni wanda ya rubuta adireshin kowace na'urarsa a littafi mai bango mai kauri, ya haddace cewa na VirtualBox da 08:00:27 suke farawa, na Hyper-V da 00:15:5D, waɗanda VMware ya ƙaga da kansa kuma da 00:0C:29, yana kawo su a hira kamar yadda wani yake kawo salsalar gidan sarauta. Yakan buɗe fayil ɗin tsarin na'urar ya kafe adireshin da hannunsa don kada ya motsa, kuma a nan ya yi daidai. Inda ilminsa yake kayar da shi shi ne ranar da ya kwafi na'urar sau huɗu, ya bar wa kowacce adireshin na'urar asali saboda tsoron tantancewa, sannan ya jona su duka kai tsaye a hanyar sadarwar ofis. Akwatin rarraba saƙonni, wanda aikinsa shi ne tuna ƙofar da kowane adireshi yake, sai ya shiga halin ɗan aike a gidan da duk yaran sunansu ɗaya, ya miƙa saƙon wannan ga wancan, sadarwa ta riƙa zuwa tana ɗaukewa. Ma'aji yakan kwana uku yana zargin waya, yana zargin kamfanin intanet, littafin da amsar take ciki kuwa yana ajiye a gefen hannunsa.

Akwai kuma mai tarho, wanda ya fi yarda da murya a kan allo: a zamanin XP, idan zai tantance ta waya, yakan karanta lambobi 50 na shaidar girkawa ɗaya bayan ɗaya, a karanto masa 42, ya kuskure a na talatin da wani abu, ya koma farko ba tare da ya ɓata rai ba.

Mai neman wa'adi kuwa ɗan'uwan mai cin bashi ne, domin ba ya musun cewa ana bin sa, lokaci kawai yake roƙo. Windows 7 tana ba da kwana 30 kafin ta matsa, kuma akwai umarnin da yake mayar da ƙidayar farko har sau 3, wanda ya kai jimillar kwana 120. Shi wannan mutum ya san lissafin fiye da ranar haihuwarsa, yana jira sai daren ƙarshe kafin ya sabunta. Idan wa'adin ya ƙare sai ya koma ga hoton hali, wato ajiyar yanayin na'urar da aka ɗauka a wata rana don a iya komawa gare shi, ya mayar da ita baya, ya manta cewa aikin da ya yi na wata guda ma ya bi ta can.

Mai haƙuri bai damu da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Bangon allonsa ya koma baƙi saboda rashin tantancewa a zamanin Windows 7, ya ce dama baƙi ya fi sauƙi ga ido. Rubutun tunatarwa ya zauna a kusurwar dama ta ƙasa a zamanin Windows 10, ya saba da shi kamar tabon goshi, har yakan haska shi a bangon ɗakin taro da girman ƙofa yana bayanin kasafin kuɗi.

Daga nesa mai wa'azin Linux yake kallon su duka yana murmushi, yana tunatar da duk wanda ya tsaya cewa tasa manhajar ba ta neman lasisi. Abin da ba ya sakawa a wa'azin shi ne cewa tsofaffin nau'o'in Linux ma suna rubuta adireshin katin a wani fayil su ɗaure shi da sunan eth0, ta yadda idan an kwafi na'urar adireshin ya sauya, sai su ɗauki katin a matsayin baƙo su kira shi eth1, saitin kuma ya ci gaba da jiran eth0 da ba zai dawo ba. A irin wannan rana akan ga mai wa'azi ya rage murya, ya jawo kujera kusa da ma'aji, yana tambaya a hankali ko zai ara masa littafin nan mai bango mai kauri.