Tsohuwar Land Rover a sanyin Bukuru

Duk mai tsohuwar Land Rover a Bukuru ya san ba a ajiye ta a fili. Kan gangara ake barinta, hancinta na kallon ƙasa, domin idan sanyin Disamba ya kwana a jikin batir, da asuba makulli ado ne kawai. Yaran unguwa su ne sitata, kuma sun san farashinsu.

Turawan Ingila sun fara ƙera ta a 1948, suka yi mata gangar jiki da alminiyam, shi ya sa tsatsa ba ta cin fatarta. Ƙarfen ƙasan ne ke ruɓewa a ɓoye. Masu ita kan rantse tasu ta yi wa kamfanin kuza na ATMN aiki, kowa tasa ce ta Manaja. Yanzu dankalin turawa da kabeji take kwasowa daga gonakin Vom da Barikin Ladi, ta hanyoyin da ƙaramar mota ba ta ko gaishe su.

Wajen bakanike kuwa, kafireta ce mai laifi kullum. Zai kwance ta, ya wanke da fetur, ya busa da baki, ya goge fulogi, ya ɗaure abin da ya rage da waya da robar tsohon tub. Idan ka nuna masa baƙin man da ke ɗiga ƙasa, sai ya ce, "Alhaji, bar ta. Ranar da ta daina ɗiga, man ne ya ƙare."

Birki sai an taka sau uku, na farko sallama ce.