Sarkin da na naɗa a Kaduna

A ofishinmu na Kano "Injiniya" ake kirana, ni kuwa ban taɓa musantawa ba. Da muka karɓi layuka biyu daga kamfanin sadarwa don haɗa hedikwata da sitonmu na Kaduna, sai na miƙe a taron ma'aikata na bugi ƙirji: ko layi ɗaya ya yanke, ba wanda zai sani. Har tafi aka yi mini.

Layi biyu na da haɗari, domin saƙo kan yi ta zagaye har hanya ta cushe. Maganinsa Spanning Tree, dabarar da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985: na'urorin suwic suna aika wa juna 'yan saƙonni masu suna BPDU duk daƙiƙa 2, su zaɓi shugaba, su toshe hanyar da ta yi rara. Sai dai saƙonnin ba sa tafiya nisa. Adireshinsu, 01-80-C2-00-00-00, na maƙwabcin kusa ne, don haka suwic ɗin kamfani na farko zai karɓe su, shi ke nan. Dole a haƙa musu rami. A na'urorin Cisco, a bakin shiga ake sauya adireshin zuwa 01-00-0C-CD-CD-D0, saƙon ya ratsa cibiyar kamfanin ba mai kula shi, a bakin fita a mayar masa da nasa. Duk wannan na karanta wa ma'aikatan kamfanin a waya, da muryar malamin jami'a. Suka buɗe ramin.

Washegari akawu ya leƙo. "Injiniya, fayil ɗin albashi fa ya ƙi buɗewa." Akawu na ƙasa, sabar na saman bene, amma sai ka sha shayi kafin shafi ya fito. Na zargi kamfani, na rubuta musu wasiƙa mai zafi, har da kwafi ga Oga.

Wata yarinya a sashensu na fasaha, wadda ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta saurare ni har na gaji, sannan ta ce, "Yallaɓai, wane suwic ne shugabanku?"

Shiru. A wannan zaɓe mai ƙaramar lamba ke ci. Duk na'urorinmu na kan 32768, lambar da suka zo da ita daga masana'anta, kuma idan aka yi kunnen doki adireshin MAC mafi ƙanƙanta ake dubawa, wanda galibi na tsofaffi ne. Da rami ya buɗe, Kano da Kaduna suka zama masarauta ɗaya, sarauta ta faɗa kan wani ƙwarababben suwic da na jefa sito don ba ni da inda zan kai shi. Tun da ƙasa da saman bene kowanne na da nasa layin zuwa wurin sabon sarki, sai aka toshe igiyar da ke tsakanin benayenmu. Fayil ɗin akawu sai ya je Kaduna, sama da kilomita 200, ya yi gaisuwa, ya dawo ya hau bene.

Layi guda na rubuta, na sa wa babban suwic na Kano 4096, komai ya daidaita. Saura abu ɗaya: me ya sa kafin gyaran kullum da hantsi hanya ke ɗaukewa kusan daƙiƙa 50, alamar sabon zaɓe? Na kira mai gadin sito.

"Baba, wani na taɓa akwatin nan mai ƙyaftawa?"

"A'a, ɗana, ba mai taɓa shi. Soket ɗinsa kawai nake ara in dafa ruwan shayi."