Ire-iren Masu Shirin Kwanan Farko a Kan Teku

Daga Dauran, mararrabar da hanyar Ƙauran Namoda ta rabu zuwa Shinkafi da Zurmi, zuwa bakin teku a Kalaba, tafiya ce ta sama da kilomita 1,000. Ana bi ta Gusau, Funtuwa, Zariya, Kaduna, a gangara Lafiya da Makurɗi, a faɗa Jihar Kuros Riba. Fatake da 'yan ci-rani masu nufin Kamaru, ko su zarce Gabon, kan sauka a Bogobiri, unguwar Hausawan Kalaba, su jira ranar da jirgin ruwa zai tashi zuwa Limbe ko Tiko. Akwai hanyar mota ta Ikom da Mamfe, amma tun da rikicin yankin masu magana da Ingilishi ya ɓarke a 2016, da yawa suka gwammace ruwa. Jirgin ba kullum yake tashi ba, kuma da wuya a yi tafiyar dare bai riski mutum ba, ko a tasha ko a tsakiyar ruwa. Masu shirin wannan dare a karon farko sun kasu kashi-kashi, ana kuma gane kowa tun bai bar gida ba.

Wanda ya fi yawa shi ne mai guzuri. Mako guda kafin tafiya gidansa ya koma madafa: ana tuyar ƙuli-ƙuli, ana dakan dakuwa, an yanka zabi an soya har sun bushe, an aika Ƙaura a sayo kilishi. A tunaninsa yunwa ce babban haɗarin teku, don haka kafin ya hau jirgi yakan cika ciki da tuwo da man shanu, ya bi da fura. Sa'o'in farko kan gaskata shi, domin tashar Kalaba a cikin kogi take, ruwan a kwance, har ya buɗe ƙullin zabo yana yi wa na kusa tayi. Da zarar jirgi ya fita bakin kogi ya gamu da igiyar teku, sai labari ya sha bamban. Abin da ke faruwa shi ne cikin kunne yana jin jiki na lilo, ido kuwa yana kallon bangon jirgi a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta rikice, jiri da tashin zuciya su biyo baya. Tuwon da aka ci a Bogobiri kifayen mashigin tekun Gine ke amfana da shi, ragowar zabon kuma ma'aikatan jirgi, waɗanda ba su taɓa ƙin irin wannan fasinja ba.

Kusa da shi akwai gwanin ruwa, wanda ya koyi iyo a gulbin Gagare ko Bunsuru cikin watan Agusta, lokacin da gulbin ke cika. Ba ya kawo zancen cewa da rani yara na buga ƙwallo a kan rairayin gulbin nan. In an miƙa masa rigar kariya daga nutsewa sai ya ce, "Haba Malam, mu da munka tashi cikin ruwa?" Ya saba da ruwan da ake hango ɗaya gaɓarsa, ana kuma shansa in ƙishi ya zo. Na teku kuwa kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, kuma cikin dare ba a ganin komai sai fitilun rijiyoyin mai can nesa. Yawanci shi ne na farkon kwanciya, kuma shi ke lallaɓawa ya ɗauki rigar da ya ƙi, wai zai yi matashin kai da ita.

Mai laya shirinsa ya fi na kowa tsada. Ya sha rubutu, ya yi wanka da magani, ƙugunsa ya cika da guru da kambu har wando na neman faɗuwa. Matsalar ita ce kayan duk na tudu ne: maganin ƙarfe, maganin bindiga, layar zana don ɓarayin hanya. Ba a zarge shi ba, domin wanda ya san halin da hanyar Zurmi da Shinkafi ta shiga a shekarun nan ya san inda tsoron ya samo asali. Sai dai ba a ji malamin da ya haɗa masa na amai ba. Shi ma yana ƙyamar rigar kariya, yana ganin raunin tawakkali ce, alhali malaman da ya je wurinsu sun sha karantar da cewa riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Mai wasiyya ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi kaɗai ne shirinsa ke amfanar gari. Tun ranar da ya yanke shawara yake bin gida-gida yana neman gafara, har wurin waɗanda suka manta sun taɓa saɓawa da shi. Bashin da aka fid da rai da shi tun bara waccan sai ga shi an kawo har zaure. Yakan tara iyali bayan isha'i, ya zauna kan buzu, ya ce wa ƙanensa, "Ga awaki nan, in an ji shiru naka ne, ka riƙe yara amana." Uwargida na sharar hawaye da gefen mayafi, amarya na ƙidaya buhunan gero a zuci, tsohuwa kuma na cewa, "Ɗan nan, mi a cikin ruwa wanda babu shi Shinkafi?" Da asuba a raka shi tasha da salati. Bayan wata huɗu sai ya dawo da ƙiba da sabuwar rediyo, ya nemi awakinsa, a tarar biyu sun tafi a bikin suna, ɗaya ta haihu, a shiga gardamar ko 'ya'yan na cikin wasiyya. Irin wannan shari'a takan kai gaban mai unguwa, ta kuma fi tafiyar kanta daɗewa.

A cikin jirgi ake gane mai alƙibla. A gida ya saba ya dubi gabas ya kabbarta, a nan kuwa gabas ɗin na juyawa duk lokacin da matuƙi ya murɗa. Daga wannan gaɓa Makka tana gabas maso arewa, ta fi karkata arewa fiye da yadda take daga Zamfara. Hukuncin kansa ba mai wuya ba ne: ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, tafiyar ta wuce nisan ƙasaru na mil 48 da Malikawa suka sani, wanda kuma tsayuwa ta gagare shi ya yi a zaune. Shi dai ba sauƙi ya zo nema ba. Yana riƙe da waya mai nuna alƙibla a hannu ɗaya, yana jan hannun rigar wani da ɗayan, yana so a sake sahu. Har a kira asuba yana nan yana kawo hujja ga mutanen da ba sa iya ɗaga kai.

Masanin sefa ɗan kan iyaka ne, ya sha zuwa Jibiya da Maraɗi, don haka ya canza kuɗinsa tun a gida don kada 'yan canjin Kudu su cuce shi. A Limbe ne zai ji cewa sefa biyu ce. Ta Nijar ta Afirka ta Yamma ce, ta Kamaru da Gabon ta Afirka ta Tsakiya, kuma ko da yake darajarsu ɗaya, kowace 655.957 a Yuro guda, mai shago ba ya karɓar baƙuwa. Sai ya koma wurin ɗan canji, a yanki ladan da ya guje wa.

Mai waya ya yi wa gida alkawarin kira kowace sa'a, bai san layi na ɗaukewa da an yi nisa da gaɓa ba. A garin da wayar matafiyi a kashe ke nufin wani abu dabam, kafin gari ya waye an fara tunanin gonar da za a sayar a biya kuɗin fansa.

Wanda batunsa ba na dariya ba ne ƙwarai shi ne mai neman araha. Ya ji cewa a Oron, Jihar Akwa Ibom, akwai manyan kwale-kwalen katako da ke ɗaukar mutum a rahusa ba tare da yawan tambayar takarda ba, kuma kullum akwai "wani ɗan garinmu" da ya san hanya. Kwale-kwalen kan yi lodin buhuna da jarkokin mai, fasinja su zauna a kai, babu rumfa. Hanyar tana bi ta gefen Bakasi, wadda Najeriya ta kammala miƙa wa Kamaru a watan Agustan 2008, inda ake gamuwa da jami'an ƙasashe biyu da kuma 'yan fashin teku. Gaba kaɗan akwai Debunca a gindin Dutsen Kamaru, inda ruwan sama kan kai milimita 10,000 a shekara, ninki goma da ɗoriya na abin da Dauran ke samu. Araha ba ta ado, a wannan ruwa kuwa takan ci rai.

Akwai kuma wanda ba a cika lura da shi ba, sau da yawa ma wata hajiya ce 'yar kasuwa da ta zauna da matan Bogobiri ta yi tambaya. Ta ci abu kaɗan marar maiƙo, ta sha maganin jiri sa'a guda kafin tashi, ta riƙe citta da lemun tsami da leda, ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar jirgi inda lilo ya fi sauƙi, ta ɗaura rigar kariya a kan hijabi. Fasfo da katin rigakafin shawara suna ƙulle cikin leda biyu a lalitarta. Mai niyyar wannan tafiya ya lura da katin nan tun yana gida: ba ya fara aiki sai allurar ta cika kwana 10, kuma tun daga 2016 allura guda ta wadatar har ƙarshen rayuwa.