Masu Biɗar Burs a Tawa, Kowa da Dosiyensa

Da zarar sakamakon bak ya fito cikin damina, sai garin Tawa ya sami wata sana'a wadda ba ta da rumfa a kasuwar Lahadi, wato biɗar burs. Dama biɗa gadon ƴan Adar ce. Kakanni sun taka zuwa kurmi, iyaye sun cika Abijan da Libiya da Kamaru, yanzu ga jikoki sun miƙe, sai dai su guzurinsu jakar roba ce cike da takardu, harinsu kuwa Maroko ko Aljeriya ko Turkiyya. Mai son ganinsu ya tsaya da hantsi bakin ma'aikatar magajin gari, inda ake liƙa tambur ana buga hatimi, ko ya leƙa shagon mai fotokwafi. Ba sai an gabatar maka da kowa ba, daga tafiyarsa za ka gane shi.

Mai shigowa da ƙirji gaba, wannan Mai Mansiyo ne. Bak dai bisa 20 ake lissafa ta: 10 ka tsira, 12 an ce da dama-dama, 14 an ce da kyau, 16 kuwa sai a yi ta nuna ka da baki a unguwa. Shi ya ci 14 da ɗigo kaɗan, kuma ɗigon nan ya fi so a riƙa ambata. Tun ranar da aka kira sunansa gaisuwarsa ta gajarce. Ya tabbata cewa hukumar ANAB da ke Yamai, wadda ke kula da burs da alawus na ɗalibai, kuma take shelar guraben da ƙasashe aminai suka ba Nijar, ta riga ta sami labarinsa. Don haka ba ya karanta sanarwa, ba ya tambayar ranar rufewa. "Su za su neme ni," in ji shi, yana kurɓar shayi na biyu. Yakan kammala dosiyensa kwana ɗaya bayan an rufe karɓa, daga nan kuma har ƙarshen shekara zancensa guda ne: an yi masa siyasa.

Bayansa akwai bawan Allah Mai Suna Uku, wanda ni shi na fi tausaya wa a layin. A takardar haihuwa Mahamadou ne, a takardar BEPC Mahamane, a ta bak kuma ya koma Mamadou. Mahaifinsa ma bai tsira ba: nan Aboubacar, can Boubacar. A gida kuwa ba mai kiransa da ko ɗaya cikinsu, Ɗanjuma aka san shi. An haife shi a wani ƙauye cikin duwatsun Keita, inda aka yanka ragon suna aka watse, ba wanda ya tuna da zuwa rubuta shi. Sai da jarrabawa ta matso darakta ya sa aka yi masa takardar kotu, aka ɗora masa ranar 1 ga Janairu. In ka bi takardu, rabin ajinsu ranar nan aka haife su. Ungozomar garin ba ta runtsa ba a daren. Yanzu kwamfutar mutanen waje ta ƙi yarda cewa waɗannan ukun mutum guda ne. Sai ya hau mota zuwa kotun garinsu ya gyara suna, ya karɓo takardar shaidar rashin laifi. Ita kuwa wannan takarda wata uku ne rayuwarta. Kafin a gama gyaran sunan ta mutu, kafin ya sake wata takardar likita ta tsufa, kafin ya sake ta likita hotunansa sun ƙare. Ba wanda ya kai shi sanin kujerun jira na ma'aikatun jihar Tawa, kuma ba wanda ya kai shi haƙuri.

Yana da ɗan'uwa, Mai Rage Shekaru. Ya ji cewa burs ɗin gwamnatin Turkiyya ba ya karɓar wanda ya kai shekara 21 a digirin farko, sai ya nemo takardar da ta mai da shi 19. Gemu dai bai ji wannan labari ba. A takarda yanzu ƙanensa ya girme shi da shekara guda, kuma uwarsu ɗaya.

Ɗan Ko'ina shi ba ya zaɓe. Maroko ya aika, Aljeriya ya aika, Rasha, Sin, Indiya, Masar, duk inda ya ji an buɗe ƙofa. Ya yi bak ɗin adabi, A4, amma likitanci ya nema a Turkiyya, inda suke son kashi 90 cikin 100 na maki ga mai son fannin lafiya, 70 ga sauran fannoni. In ka yi masa magana ya ce rabo ba ya duba seri. Wasiƙarsa ta bayyana buri guda ɗaya ce, sunan ƙasa kawai yake sauyawa, wani lokaci ma ya manta. Haka mutanen Ankara suka karanta cewa tun yana ƙarami ba ya da mafarkin da ya wuce ya ga birnin Rabat.

Wasiƙar ma ba shi ya rubuta ba. Akwai mai siber da ke da guda ɗaya cikin kwamfutarsa tun shekaru, yana sayar wa duk wanda ya zo. Cikinta kowa maraya ne, kowa ya yi karatu da fitilar aci-balbal, kowa zai dawo ya ceci Afirka, har da ɗan babban ɗan kasuwar da aka kawo a mota. Yanzu waya ta fara ƙwace masa ciniki: yaro ya latsa, ta zubo masa Faransanci mai santsi wanda ko malaminsa sai ya buɗe ƙamus. Ranar ganawa a tambaye shi ma'anar jimlarsa ta biyu, ya tsaya yana kallon silin.

Mai Kawu a Yamai ba ya wahalar da kansa da layi. "Kawu ya ce in kwantar da hankalina." Yakan faɗi haka da murya ƙasa-ƙasa, don a san maganar manya ce. Ya ci kilomita fiye da 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, ya kai wa kawu dosiye hannu da hannu, da ƙullin cuku da buhun albasa. In ka bincika, kawun ya yi ritaya tun kafin yaron ya shiga lise, kuma can ma ma'aikatar kiwo ya yi aiki. Albasar dai an ci, an sa albarka. Dosiyen yana nan bisa firji.

Akwai kuma mai jiran Faransa, wanda ya tsara rayuwarsa kaf a kan Paris. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufe ofishin jakadancin Faransa a Yamai a farkon 2024, hanyar ta yi masa nisa. Yana nan a fada yana gyara lafazi.

Yawancin guraben da ke bi ta ANAB takarda ce ke magana, maki ne ke yanke hukunci. Amma wasu, irin na Turkiyya, sai an zauna da kai an ji bakinka, ido da ido ko ta intanet. A nan ne wasu sabbin halittu ke fitowa.

Mai Hadda ya samo tambayoyin bara wajen wani tsohon ɗalibi, ya haddace amsoshin bi da bi. Yana bita a bayan gida, yana bita bisa kabu-kabu. In aka fara da "gabatar da kanka", to, an taɓo inda yake so, zai zubo har da waƙafi. Amma in mai tambaya ya tsallake ta biyu ya faɗa ta biyar, sai ya tsaya cak kamar almajirin da aka ɗauke wa allo, ya koma farko: sunana wane, an haife ni... An taɓa tambayar irinsa abin da yake yi in ya gaji da karatu, ya amsa da tarihin dangantakar ƙasashen biyu.

Mai Kwat kuwa ya ji an ce shiga ita ce rabin ganawa. Ya aro kwat wajen wani malamin makaranta da ya fi shi faɗin kafaɗa, ya ɗaura taye, cikin bazarar Tawa da zafi ke wuce digiri 40. Ganawar ta waya ce, don haka daga ƙugu zuwa ƙasa gajeren wando ne da silifa. Ya zaɓi zaure saboda nan rezo ya fi ƙarfi, ya jingina wayar da kwanon sha, ya gargaɗi gida kaf cewa kada wanda ya yi tari. Mutane sun ji. Jakin maƙwabta ne ba a gaya wa ba. Yana cikin bayanin yadda zai gyara tattalin arzikin Sahel sai akuya ta ratsa bayansa, kaka kuma ta leƙo ta tambayi da wa yake magana, ta ce a gaishe su.

Iyaye ma suna cikin dosiye, ko da ba a buga masu hatimi ba. Baba tsohon ɗan biɗa ne, shekara ashirin ya yi yana kai da kawowa tsakanin Adar da Abijan, kuma ma'auninsa guda ne.

"Wanga burs da kaka hwaɗi, nawa aka biyan ka ga wata?"

"Baba, na abinci da makwanci ne kawai."

"Shekara nawa?"

"Bakwai, in an haɗa da ta koyon harshe."

"Bakwai! Ɗan maƙwabcinmu shekara biyu yay yi, ya zaka da babur, ya yi ɗaki da tol."

Amma ranar da sunan yaro ya fito, shi ne zai zagaye majalisu yana tuna wa mutane cewa Mahamadou Issoufou ma daga Dandaji ya tashi, ya je Faransa ya karanto aikin ma'adinai, ya dawo ya mulki ƙasa daga 2011 zuwa 2021. Inna ita ba ta jiran sakamako. Tun ranar da aka aika dosiye ta karɓo rubutu, ta yi sadakar masa, ta fara ƙulla kilishi da yaji da kuka, don an gaya mata can ba su iya miya ba.

Da damina kuma ɗan damfara ke tsirowa a WhatsApp. Burs ɗinsa kullum na Kanada ne, ba ya son mansiyo, ba ya duba shekaru, jika hamsin kawai za ka aika na buɗe dosiye, kuma yau ne ranar ƙarshe. Kullum yau ne ranar ƙarshe. Abin mamaki, Baban da ya hana kuɗin tambur shi ne ke sayar da tunkiya ya biya wannan.

Yarinyar da ta zo ta ɗaya a ajinsu ba ta cikin masu ban dariya. Dosiyenta ya cika tun kafin a buɗe karɓa, sunanta iri ɗaya ne a kowace takarda don ita ta bi ta duba. Ganawar baƙi minti ashirin ta ɗauke ta. Ta gwaggonni ce ake wata uku ana yi: wa zai kula da ke can, wa zai aure ki in kin dawo, ba ga makaranta nan kusa ba? Wannan kwamitin bai taɓa tambayar maki ba.

In aka koma makaranta, yawancin mutanen nan sai su haɗu a layin rajista na Jami'ar Djibo Hamani, nan cikin Tawa, kowa yana gaya wa na kusa da shi cewa shi na ɗan lokaci ne, kafin takardunsa su fito. Jami'ar an kafa ta a 2010, tana ɗauke da sunan masanin tarihin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, kuma ana karanta shari'a da tattalin arziki da gudanarwa a cikinta. Mai Mansiyo na nan, Mai Kawu na nan, ba kuma wanda karatun ya rage wa tsawo.

Saura mutum ɗaya, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Mai Kunya daga wajen Bambeye ko Kalfu ya zo, ya zauna gidan wani dangi ya yi lise, yana ɗebo ruwa da asuba kafin ya tafi aji. Makinsa ya fi na Mai Mansiyo, amma ba ka ji a bakinsa. An rene shi a kan cewa yaro ba ya kallon babba cikin ido, ba ya yabon kansa, ba ya amsa tambaya da dogon zance. To ga shi gaban mutanen da aikinsu shi ne su ji ya yabi kansa. Suka ce ya faɗi abin da ya fi ƙwarewa a kai, ya sunkuyar da kai ya ce ana dai taɓawa. Suka ce me ya sa za su ɗauke shi su bar wani, ya ce ai kowa da rabonsa. Shi ne ke koya wa ƴan ajinsu lissafi da dare, shi ya gyara famfon garinsu da ya lalace, amma bai faɗa ba, don a ganinsa wannan ba abin faɗi ba ne. Masu tambaya suka rubuta cewa ba ya da buri. Gurbin ya tafi ga Mai Kwat, wanda ko da akuya a bayansa bai daina magana ba.

Malaman lise, da ku tsofaffin ɗalibai da kuka je kuka dawo kuna ba da labarin sanyin ƙasar waje a fada, wannan yaron ku nemo. Ku zaunar da shi, ku yi masa tambayoyin nan har ya saba ɗaga kai ya faɗi abin da ya iya ba tare da ya ji ya yi rashin kunya ba. Ku duba masa rubutun sunansa tun kafin BEPC. A ƴan shekarun nan Turkiyya kan buɗe karɓar takardu daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kuma ba a biyan ko dala.