Ku Masu Cewa "Da Wace Wutar?"

Da an ambaci motar lantarki a majalisa, akwai mutum guda da ba ya bari a kai aya. Zai ajiye kofin shayi, ya gyara zaman hula, ya ce, "To, da wace wutar?" Sai a kwashe da dariya, a tafa, shi kuma ya kishingiɗa, ya gama magana ke nan. Kai nake nufi, Malam, kada ka waiga. Da kai, da Alhajin da ke gefenka mai cewa kayan Turawa ne ba za su jure ranar watan Afrilu ba, da Hajiya da ta rantse ba za ta shiga motar da ake jonawa a soket ba, kada a yi ruwa ta ja ta. Ku gyara zama, yau da ku nake.

Abin dariyar, Malam, kai ne ka fi kowa sanin lissafin nan. Ba kai ne kake tsayawa gaban mita da tocila kana duba sauran yunit nawa, kana yi wa yara faɗa sun bar dutsen guga a jone ba? To yunit ɗin nan naka, kilowat ɗaya na tsawon awa ɗaya, da shi ake auna cikin batirin mota. Hyundai Kona, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas aka kuma nuna ta a Abuja a 2021, batirinta yunit 64 yake ɗauka. Matsakaiciyar mota irinta tana cin yunit 15 zuwa 18 a tafiyar kilomita 100. Mu ce 16. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar 'yan rukunin A naira 225 kowane yunit, kuma ita ce wuta mafi tsada a layin gwamnati. Buga a wayarka: naira 3,600. Ita kuwa tsohuwar motarka da kake ji da ita, ko ka lallaɓa ta sai ta sha lita 8 a wannan tafiya, kuma a ƙarshen shekarar 2024 lita ta haura naira 1,000. Na ga ka yi shiru. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, wa ya fi ka ƙorafi a majalisar nan?

Yanzu mu zo kan tambayar taka. Kuskurenka kana yi wa motar kallon ɗan layin gidan mai, wanda sai allura ta kwanta a ja sannan yake neman inda zai cika tanki. Mai motar lantarki ba haka yake yi ba. Abin da ya ƙona yau shi yake mayarwa da daddare, yana barci. Soket ɗin bangon ɗakinka yana ba da yunit biyu da ɗoriya a awa, wato tafiyar kilomita 14 ko kusa da haka. In ka ce daga sifiri za ka cika Kona da shi, lallai za ka kwana ka yini har ka ƙara, kuma a nan ne masu dariya suke samun abin dariya. Amma wa ya aike ka? Ƙirga tafiyarka ta yini: Hotoro zuwa Kantin Kwari, ka sauke yara a makaranta, ka biya gaisuwar rasuwa, ka dawo. Da wuya ka cika kilomita 40. Wutar awa uku ta biya ka. Ko 'yan rukunin E, waɗanda aka fi mantawa da su, awa huɗu aka rubuta musu a rana. Na ce an rubuta, ban ce an kawo ba, kada wani ya kama ni da baki.

Wanda ke da hali sai ya sa a kafa masa akwatin caji a bango, mai ba da kilowat 7. Da shi Kona take cika tsakanin lisha da hantsi, awa tara zuwa goma. Sai kuma manyan na'urorin bakin hanya masu kilowat 50 zuwa sama, wasu a ƙasashen waje har 350. Bambancin a nan yake: wutar gida AC ce, batir kuwa DC yake ci, don haka akwai wata na'ura a cikin motar mai juya wannan zuwa wancan, kuma ƙarfinta yana da iyaka. Babbar na'urar bakin hanya ita take yin juyin da kanta, ta ɗura wa batir kai tsaye. Da mai kilowat 50, awa guda da 'yan mintoci ka kai kashi 80 cikin ɗari.

Me ya sa kullum ake tsayawa a 80? Alhaji, ka taɓa shiga motar haya a tasha ai. Kujerun farko nan da nan suke cika, sai ka ji ɗan kamasho yana ta kwarara ihu, "Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya!" Ka sayi gyaɗa, ka cinye, ka yi gyangyaɗi, ka farka, har yanzu saura mutum ɗaya. Haka batir yake. In ya kusa cika, motar da kanta take rage wutar da ke shiga don kada ya yi zafi ya lalace, sai kashi 20 na ƙarshe ya cinye maka kusan lokacin da na farkon duka suka ci. Direba mai wayo yana kaiwa 80 yake cire waya ya kama hanya. Kuma yawancin batura sun fi daɗewa in ana riƙe su tsakanin 20 da 80, a bar cikawa taf sai ranar doguwar tafiya.

Hajiya, batun ruwan sama: kwantar da hankalinki. Wuta ba ta biyo wayar sai motar da cajar sun gama fahimtar juna, kan ya shiga ya kulle. In an zare, ta yanke. A Norway, inda ruwa da ƙanƙara ba sa ɗaga ƙafa, kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, kuma a waje suke caji. Wanda ya kamata ki ji tsoro shi ne maigidan, wanda ya saba fere kan waya ya cusa a soket ya danne da tsinken ashana. Mota za ta ja wuta mai nauyi awa da awanni ba hutawa. Siririyar waya ko tsohon soket mai baƙin baki zai yi zafi ya narke. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya ja mata layinta daban da waya mai kauri, ya binne ƙarfe a ƙasa ya haɗa wayar kariya. In babu wannan wayar ta ƙasa, cajoji da yawa ƙin aiki suke yi, jar fitila kawai za su kunna maka.

Na ji wani daga baya yana cewa zai tayar mata da ɗan ƙaramin janaretonsa, mai ƙarar nan da ke hana maƙwabta barci. Bawan Allah, bai kai kilowat ɗaya ba, ita kuwa mota mafi ƙarancin abin da take karɓa ya kusa ɗaya da rabi. Ko kallonsa ba za ta yi ba. Sola ce maganar kirki. Babban faranti mai wat 550 yana tara yunit biyu da wani abu a yini a ranar Arewa, huɗu sun ɗauki zirga-zirgar gari, muddin inbatarka tana da ƙarfin ɗaukar nauyin. Ranar da kuke tsoro za ta kashe motar, ita ce za ta ciyar da ita. Amma Alhaji yana da 'yar gaskiya: zafi yana tsufar da batir, saboda haka a ajiye ta a inuwa, kuma a rage yawan cajin gaggawa da tsakar rana.

Wani abin da dillali ba zai gaya maka ba shi ne bakin caja ba ɗaya ba ne. Motocin Turai da nasu, Type 2 da CCS2. Na kasuwar Sin GB/T. Tsohuwar Nissan Leaf ta Japan CHAdeMO. Tesla ta Amurka ita ma da nata. Tunda motocinmu daga ko'ina ake kwaso su, buɗe murfin ka leƙa kafin ka biya, ka tabbata akwai inda za ka jona ta a garinku.

Masu cewa abin sai jikokinmu, ku je Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Tun 2021 hukumar kula da harkar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, lokacin Jelani Aliyu ɗan Sakkwato yana shugabanta, ta kafa tashar caji mai aiki da sola a can. A Maiduguri kuwa tun ƙarshen 2023 gwamnatin Borno ta zuba tasi masu lantarki a titi. Fulanin majalisar nan, ku ji da kyau: Barebari sun riga ku.

Inda zan sallama muku guda ɗaya ne, kuma babba ne. Kano zuwa Abuja ya haura kilomita 400, da sanyaya mota da lodi da gudu batir ba zai kai ka cikin kwanciyar rai ba, manyan tashoshin caji kuma har yanzu 'yan kaɗan ne, galibi a Legas da Abuja. Direban dogon zango ya riƙe motarsa ta fetur tukuna, ba mai ganin laifinsa. Kuɗin sayen motar ma ba na wasa ba ne. Amma kai Malam, da iyakarka kasuwa da masallaci da gidan surukai, wannan uzurin ba naka ba ne. Rubuta lambar kilomitar motarka yau Asabar, ka sake dubawa Asabar mai zuwa, ka raba bakwai, sannan ka zo majalisa da takardar a hannu mu yi lissafin a gaban kowa. Shayin ranar ni zan biya.