Bazazzage, Bar Musu Gefen Nan

Gaisuwa irin ta ubangida da bawansa. Saƙon muryarka ya same ni a kanti, na saurara sau biyu, na uku kuma na kunna wa 'yan layinmu don kada gobe ka ce sharrin Bakano ne. Wato kai da aka tura Melbon karatu, wata bakwai kacal, har ka shiga ƙungiyar unguwa ta ƙwallon mutanen Ostireliya, wadda suke ce wa futi, ka kuma dubi tsabar idon kocinku ka ce a gefe za ka buga, don a Tudun Wada kai ne lamba bakwai. Wani dattijo mai shadda sai da ya riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. In dukiyar mutum za ta salwanta a ƙasar wasu, ai ba abin dariya ba ne.

Lamba bakwan nan taka na san ta, don na taɓa zuwa kallo. Filin firamare ne wanda in gola ya yi atishawa, ɗaya golan ke ce masa yarhamukallahu. A can ma sau biyu ka tsaya ɗaure takalmin da ba shi da igiya.

Tun ranar da ka tafi nake kallon wasan nan a waya, saboda na san za ka jawo mana magana. Wasansu na dare da hantsi yake zuwa mana, kafin kasuwa ta cika. Kuma ka san mu Kanawa ba ma taya yadi sai mun auna, don haka filin na fara aunawa. Filin ƙwallon da ka sani mita 105 ne tsawo, 68 faɗi. Babban filin Melbon da ake kira MCG kuwa kusan mita 160 ne tsawo, 141 faɗi, ga shi da siffar ƙwai, ba kusurwa ko ɗaya da mutum zai raɓe. In ka buga lissafi ya kusa ninka naka sau biyu da rabi. Mutum 18 ne kowane ɓangare, ba gola, ba raga, ba satar gida, ƙwallo na iya zuwa maka ta gaba ko ta ƙeya. Zubi huɗu ake yi, kowanne minti 20 a takarda, amma da yake ana tsayar da agogo sai ya kai kusan rabin awa. Ɗan gefen da kake kwaɗayin zama shi ne jakin wannan gona. In ƙwallo na hannun abokan gaba ya koma ya taya 'yan baya, in ta dawo hannunsu ya buɗe can bakin layi a miƙa masa, ya ruga da ita yana buga ta da ƙasa duk mita 15. Na manyan ƙungiyoyi kan share kilomita 14 ko fiye a wasa ɗaya. Kai da ke hawa acaɓa daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne filayen ba awo ɗaya gare su ba. Asalin wasan na 'yan kurket ne. A 1858 wani Tom Wills ya ba da shawarar a samo musu abin yi da hunturu kada jiki ya mutu, a 1859 aka rubuta dokokin farko a Melbon, aka ci gaba da bugawa a filayen kurket yadda aka same su. Har yau doka ta yarda tsawo ya kama daga mita 135 zuwa 185, faɗi daga 110 zuwa 155. Kowane tela ya san ba a yanka ƙaramin faɗi yadda ake yanka babba. Koci ma haka, sai ya ga fili yake sanin inda zai ajiye mai gudu da inda zai ɓoye irinka.

Ɗauki filin Geelong, garin da nisansa daga inda kake bai wuce rabin tafiyar Kano zuwa Zariya ba. Tsawonsa kusan 170, faɗinsa 115, siriri kamar lungunan Kwarbai. Mita 26 ke nan aka gutsure daga faɗin MCG, goma sha uku kowane gefe, kuma daidai wurin da ɗan gefe ke cin abinci aka gutsure. Masu tsaron baya sai su jeru su toshe faɗin gaba ɗaya. In ka ce za ka juya ƙwallo zuwa ɗaya gefen, kafin ta sauka sun riga ta isa, don tazarar ba yawa. Baƙon da ya saba da yalwa sai ya ɗaga ƙafa ya zabga ta waje ba ta taɓa ƙasa ba, alƙali ya miƙa wa masu gida bugu kyauta. Daga 2007 zuwa 2011 sau 29 a jere Geelong suka ci wasa a wannan fili. Ban ce filin kaɗai ya yi musu ba, don a shekarun nan sun ɗauki kofi uku a MCG ɗin ma, amma duk mai gudun da ya je can sai ya ji kamar an saka doki a zaure.

Labarin da nake so ka haddace, tunda ku haddar boko ce sana'arku, na ƙungiyar West Coast ne a 2015. Filinsu na lokacin a Perth, Subiaco, dogo ne siriri, kusan 175 da 122. Kocinsu Adam Simpson ya rasa manyan 'yan bayansa biyu saboda rauni tun farkon kaka, sai ya daina cewa kowa ya riƙe mutuminsa, ya ce kowa ya riƙe wurinsa, su saƙa wata yana irin ta gizo wadda duk ƙwallon da ta shigo sai ta maƙale. A wasan farko na zagayen neman kofi suka karɓi Hawthorn a gida, suka lallasa su 96 da 64. Bayan sati uku aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a MCG. Mutanen dai su ne, dabarar ita ce, amma an ƙara wa fili faɗin kusan mita 20. Yanar ta buɗe, 'yan Hawthorn suka riƙa zura gajerun bugu ta ramukan, mai cafka ya cafke ya miƙa wa na gaba, masu tsaro suna isa a makare. Aka tashi Hawthorn 107, West Coast 61. A 2018, shekarar da West Coast suka koma sabon fili mai faɗin 130, suka dawo MCG suka ci Collingwood 79 da 74 suka ɗaga kofi. Ƙwararru ke nan da ake biya albashi, faɗin nan ya tona musu asiri a 2015. Ina kai, da ko kazar gidanku sai an taru ake kama maka?

Na san abin da za ka ce, sannu ba ta hana zuwa. Ƙarasa karin maganar mana, sai dai a daɗe ba a je ba. Amma don kada a ce ubangida ya cika zalunci, zan yarda maka da abu ɗaya: gudu a wasan nan iri biyu ne. Akwai na dogon zango, na ɗan gefe, akwai kuma fizgar taku biyar na farko. Ita ake aunawa da tseren mita 20 in za a ɗebi sababbin 'yan wasa, inda Joel Wilkinson, mai tsatson Najeriya, ya yi shi cikin daƙiƙa 2.75 a 2010, don haka kada ka ɗora laifin a kan jini. Tony Lockett ya haura kilo 100, ba wanda ya taɓa tura shi gefe. A bakin turakun da ake cin ƙwallo yake tsayawa kamar buhun gero, sai ƙwallo ta taso ya fizga taku kaɗan, ya sa ƙirji ya cafke, wanda ya tsaya masa a hanya kuma Allah ya ba shi lafiya. Sau 1,360 ya ci, har yau ba wanda ya kamo shi. A filin Sidni ya karya tarihin yawan ci a 1999, filin da gajartarsa ta sa bakan mita 50 na kowane gefe ya kusa taɓa murabba'in tsakiya, bugu ɗaya mai kyau daga tsakiya ya isa gabansa. A irin wannan fili ƙato yana da daraja. Can ne kuma koci Rodney Eade ya yi suna da dabarar kwararo kusan kowa baya a cunkushe hanya, ka ga mai gudu da gurgu sun zama ɗaya.

Akwai kuma Greg Williams, wanda ƙungiyar Carlton suka ƙi ɗauka yana yaro suka ce ba shi da sauri. Ya je ya ci lambar Brownlow ta gwarzon shekara a 1986, daga baya Carlton ɗin suka sayo shi, ya sake cin ta a hannunsu a 1994. Shi a tsakiyar turmutsutsu aka ajiye shi, inda ba wurin gudu, sai saurin ido da saurin naushin ƙwallo zuwa ga wanda ya buɗe. Kafin ƙwallo ta san inda za ta, shi ya sani. To a nan ne maganarka ta lalace, bawan Allah. Mutumin da har yau bai raba "ya" da "ta" ba, wanda ke cewa matata ya zo, ina zai raba inda ƙwallo mai siffar ƙwai za ta yi tsalle, hagu ko dama?

Na so in ce a kai ka baya, can aljihun kusa da turaku. Mai tsaron da ba shi da ƙafa dabararsa sananniya ce, ya bar wa abokin karawarsa taku biyu, ya tsaya tsakaninsa da turaku, ya yi addu'a abokansa su rufe sararin da ke gaba. Sai na tuna Denis Pagan na North Melbourne, wanda a shekarun 1990 yake janye 'yan gabansa duka zuwa tsakiya, ya bar makekiyar saura a bayan ɗan wasansa Wayne Carey, a cilla ƙwallo can a ce wa mai tsaro bismilla, a yi tsere. Duk kocin da ya gan ka da wannan tumbin haka zai yi maka. A babbar gasar ma tun 2019 aka wajabta shida gaba, shida tsakiya, shida baya duk lokacin da za a tashi wasa daga tsakiya, ba damar ajiye wani ya rufa wa mai nauyin jiki asiri. A 2021 kuma aka rage yawan canjin 'yan wasa zuwa 75, wato ko benci sai da lissafi ake zuwa hutu.

Duk da haka na samo maka wuri, don ba a haihuwar bawa a rasa aikin ba shi. Tsakanin dogayen turaku biyu na tsakiya mita 6.4 ne. A nan wani alƙali ke tsayawa. In ƙwallo ta wuce ta tsakiya, maki shida, sai ya ƙame ya nuna yatsu biyu, ya ɗauko fararen tutoci biyu ya kaɗa. In ta bi ta gefe, maki ɗaya, yatsa ɗaya, tuta ɗaya. Ga kayan sarki, ga iyayi, ga jama'a na kallo, ga lissafin da bai wuce shida ba. Da Bazazzage aka auna aikin nan. Gobe ka je wa kocinku da ladabi, ka ce ubangidanka na Kantin Kwari ya ce a ba ka tuta.

Kuɗin shararka na cika-cikin bana suna nan na ajiye a ƙarƙashin bandir ɗin shadda. In ka dawo zan sa yaro ya auna mita 20 daga bakin layi zuwa ƙofar kanti, in riƙe agogo da kaina. Na ba ka daƙiƙa goma, ban da lokacin ɗaure takalmi.